Takardar Tuhumar da Kuka Aiko wa Mahaifina Yana Kabari

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke riƙe da aikin kula da madatsar ruwa ta Kwarin Ɗinya, ta hannun ofishinku na Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana a gaban jama'a. Sau biyu ina zuwa ofishinku ba a bar ni na gan ka ba, kuma abin da kunnena ya ji a zuwa na biyu ya fi ƙarfin a rufe shi a ɗaki.

Sunana Sanusi Isuhu. Malamin firamare ne ni a ƙasar Kurfi, ina kuma ɗan taɓa noma a fadamar da ke ƙasan madatsa. Ni ne babban ɗan Malam Isuhu Ɗan-Ikko, ma'aikacinku mai duba ganuwar madatsa da shingen duwatsun da ke tare mata igiyar ruwa. Mahaifina ya rasu da bazara, wannan ce damina ta uku da muke yi ba shi. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi da hannuna. Na fara da wannan ne domin duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Na farko: takardar da ta zo gidanmu.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi ina ƙofar gida ina ɗaura buhun taki a babur, sai ga masinjan ofishinku ya tsaya ya yi sallama. Dattijo ne mai ladabi, da alama sabo ne a aikin, don ban san fuskarsa ba. Ya ce, "Malam Isuhu na ciki?"

Na ce, "Wane Malam Isuhu?"

Ya duba bayan ambulan ya ce, "Mai duba ganuwa. An ce in ba shi hannu da hannu, kuma ya sa mini hannu da kansa."

Na saki igiyar da ke hannuna. Na ce masa Allah Ya yi wa Malam Isuhu rasuwa. Bawan Allah ya sauko daga babur ya tsuguna ya yi mini ta'aziyya, ya tambaye ni ko jiya ne ko yau da safe. Da na gaya masa tsawon lokacin, sai ya miƙe tsaye. Ya miƙa mini ambulan ɗin, ya hau baburinsa ya tafi, ya manta ma da maganar sa hannu.

Takardar tana ɗauke da hatiminku. Ta ce binciken farko ya nuna Malam Isuhu ya yi sakaci da aikinsa. Ta ce rahotanninsa na mako-mako, har zuwa satin da shinge ya karye, duk suna nuna babu matsala, alhali akwai. Ta ce an dakatar da shi daga aiki, kuma ya bayyana a gaban kwamiti ya yi bayanin yadda sakacinsa ya jawo asarar rai da dukiya.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana tsakar gida tana wankin hatsi lokacin da aka yi sallama. Shekara biyu da rabi ba wanda ya tsaya a ƙofar gidan nan ya nemi mijinta da sunansa. Ta fito zaure hannunta na ɗigar ruwa ta ce, "Sanusi, wa ke neman Malam?" Na so in ce kuskure aka yi, amma ta riga ta ga takarda. Ta ce, "Mi ta ce?" Na karanta mata na fassara mata da Hausa, ban rage komai ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta ce in sake karanta sunan, na sake. Sai ta ce, "To, ashe har yanzu suna ba shi aiki." Ba ta yi kuka ba. Hatsin nan a nan ya wuni cikin ƙwarya, kaji na tsattsaga, ba ta kore su ba.

Na biyu: wane ne mutumin da kuke tuhuma.

Ban sani ba ko ka taɓa ganinsa, Yallaɓai, don haka bari in gaya maka. Yana saurayi ya tafi Ikko ci-rani, ya samu aikin lebura a tashar jiragen ruwa, cikin masu kula da dogayen shingayen duwatsun da aka shimfiɗa cikin teku don jirage su samu inda za su fake. Ya yi shekara goma sha shida a can, shi ya sa ake ce masa Ɗan-Ikko. Yakan ba mu labarin yadda suke fita kan shinge washegarin kowace guguwa, ruwan gishiri na dukansu, suna bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, wasu girmansu ya kai ɗaki, suna duba wanda ya gusa da wanda ya zauna. A can ya koyi abin da ya riƙa nanata mana har muka gaji da ji: igiyar ruwa ba ta fara da babban dutse. Tsakuwar da ke ƙarƙashinsa take tsotsewa kaɗan-kaɗan, dutsen yana nan a sama kamar lafiya lau, har ranar da zai rasa abin zama. Wanda ya tsaya daga nesa ya hango ba zai ga komai ba.

Da aka gina madatsarmu ya riga ya dawo gida. Injiniyoyin farko suka ji labarinsa suka ɗauke shi, da kamfaninku ya karɓi aikin ya gaje shi. Ga wanda bai san wurin ba, ganuwar ta ƙasa ce, tana yamma da tafkin. Shingen kuwa wani dogon jerin duwatsu ne da ya miƙa cikin ruwa daga jikin ganuwar. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya koro ruwan tafki gaba ɗaya zuwa yamma. Shingen ne ke karya ƙarfin igiyar kafin ta iso ganuwa, a bayansa kuma masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Ƙauyenmu yana can ƙasa, ganuwar tana saman kawunanmu.

Kullum in an idar da sallar asuba, mahaifina zai sa takalmin roba ya ɗauki sandar ƙarfe ya hau. Yana tafe yana ƙwanƙwasa duwatsu yana saurare. Wanda ya zauna daram amonsa daban, wanda ƙarƙashinsa ya yi kogo amonsa daban. Yana da gwangwanin jan fenti da yake jan layi daga wannan dutse zuwa na kusa da shi, in layin ya goce ya san an samu motsi. Ramin gafiya ko shurin gara a jikin ganuwa ba ya kwana bai toshe ba. Ranar Sallah ma sai ya hau ya sauko kafin ya sa sabuwar riga. Mun sha yi masa tsiya cewa ya fi sanin duwatsunsa a kan jikokinsa, sai ya yi dariya ya ce jikokin ne ke kwance ƙasan duwatsun.

Abu guda nake so ka riƙe. Mahaifina bai yi boko ba, bai taɓa rubuta harafi ɗaya na boko ba har ya koma ga Allah. Da ajami yake rubuta abin da ya gani a littafinsa. Duk ranar Alhamis da yamma ni nake mayar masa da shi boko, shi kuma ya sa hannu a ƙasa da ajami, ya rubuta Yusufu. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Rahotonsa na ƙarshe ni na rubuta shi, yana kwance a tabarma ciwo ya fara cin ƙarfinsa. Ya buɗe littafinsa na ajami ya ce in rubuta cewa bakin shinge ta gefen arewa ya fara kogo, sandarsa tana shigewa har rabi, layin fenti ya goce da faɗin yatsa uku, kuma in ba a zubo tsakuwa da manyan duwatsu ba wurin ba zai daɗe ba. Ya sa na karanta masa sau biyu kafin ya sa hannu. Ni na kai shi ofishinku.

Na uku: ofishinku ya san ya rasu.

Ba zan yarda a ce rashin sani ne ba. Washegarin jana'iza ni da kaina na je na sanar da akawunku, Malam Bishir. Ranar sadakar uku motarku mai tambarin kamfani ta zo ƙofar gidanmu da mutum huɗu. Mataimakinka ne ya jagorance su, shi ya ja addu'a a zaurenmu, ya ce Malam Isuhu ma'aikaci ne da ba za a samu irinsa ba, kuma kafin ruwa ya sauka za a naɗa wani a gurbinsa. Dattawan unguwa suna zaune, limaminmu yana zaune. Bayan arba'in na kai muku mabuɗin ɗakin ajiyar kaya da rigar ruwa da takalmin roba. Sandar ƙarfen ce kawai Inna ta hana, ta ce tasa ce, daga Ikko ya zo da ita.

Damina ta sauka ba mu ga kowa ba. Muka ce wataƙila sabon mai dubawa daga Dutsin-Ma yake zuwa, a lokacin da muke gona. A nan dole in faɗi namu laifin, don ba zan nemi gaskiya a wurinka in ɓoye tamu ba. Da mutane suka ga babu mai tsawatarwa, wasu suka fara kwasar ƙananan duwatsu daga gindin shinge a amalanke suna kai wa tushen gini. Cikinsu har da ɗan baffana. Na gani da idona, na yi masa magana sau ɗaya, ya ce kowa ma na ɗiba, na yi shiru. Ni da na rubuta rahoton nan da hannuna, na san abin da ke cikinsa, ban sake takawa na tambayi inda aka kwana ba. Wannan yana nan a wuyana, kuma ba na neman kowa ya ɗauke mini shi.

Na huɗu: ranar da shinge ya karye.

Kwana goma sha biyu kafin zuwan takardarku, ranar Alhamis bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ina gona, na ruga na hau ganuwa na fake a jikin ɗakin ajiya, don haka a gabana aka yi komai. Masunta suka yi ta tuƙo kwale-kwalensu da sauri don su shige bayan shinge. Iska ta taso da ƙarfin da ban taɓa gani ba, igiya na dukan duwatsu tana tashi sama da tsayin mutum. Ina kallo bakin shinge ta gefen arewa ya zauna. Bai tarwatse ba, ƙasa ya yi gaba ɗaya, kamar an janye masa shimfiɗa. Manyan duwatsun suka gangara cikin mashigin da jirage ke bi, ruwa ya rufe su.

Kwale-kwale na ƙarshe na wani masunci ne mai suna Ɗanjuma, wanda ya dawo nan daga wajen Zobe bara, shi da matarsa da 'ya'yansa. Ya biyo hanyar da ya saba bi kullum, bai san duwatsu sun cika ta ba. Mutane na gaɓa suna ɗaga masa hannu ya kauce, iska ba ta bari ya ji ba, wataƙila ma ya ɗauka cewa suke ya yi sauri. Jirgin ya daki dutse ya kife. Sai washegari da hantsi aka tsamo gawarsa. Jiragen da ke ɗaure kuwa igiya ta shigo ta haɗa su da juna ta farfasa, kaɗan suka tsira.

A tsaye nake a wurin ruwa na dukana, abin da ke yawo a kaina shi ne muryar mahaifina yana cewa in sake karanta masa. Wurin da ya ambata, nan ne ya zauna, ko taku ɗaya bai kauce ba.

Na biyar: baƙon da ya zo daga Makera.

Kwana biyu bayan takardarku, aka karanta sanarwar kamfaninku a rediyo. Aka ambaci sunan mahaifina cikakke, aka ce an dakatar da shi saboda sakaci. Mutanen ƙauyenmu sun san gaskiya, kallon juna kawai suka riƙa yi. Amma rediyo ba a ƙauyenmu kaɗai ake jin ta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani mutum ya tsaya a ƙofar gidanmu. Malam Audu ne, yayan marigayi Ɗanjuma, daga Makera ya taso. Bai karɓi ruwan da aka kawo masa ba, bai zauna a tabarma ba. Ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. So nake in ga fuskar mutumin da ya rubuta lafiya lau, ƙanena ya yarda da shi ya bi hanyar. In na gan shi na tambaye shi dalili, sai in bar shi da Allah."

Na san in na faɗa da baki zai ce ɓoye shi muke yi. Sai na ce, "Malam Audu, taso in kai ka wurinsa." Muka bi ta bayan gari har muka shiga maƙabarta. Na nuna masa kabarin. Ƙasar ta daɗe da kwantawa, ciyawar damina uku ta fito ta bushe ta sake fitowa a kansa. Ya dubi kabarin, ya dube ni, ya ce, "Tun yaushe?" Na gaya masa. Ya ce, "To wa ke duba wurin?" Na ce ni ma abin da nake so in sani ke nan.

Mutumin nan ya durƙusa ya yi wa mahaifina addu'a, hawaye na zubo masa. Da ya miƙe ya ce, "Tun daga gida nake Allah Ya isa ga bawan Allahn nan a zuciyata. Ka roƙa mini gafarar mahaifiyarku." Yallaɓai, shi mun same shi mun nuna masa. Sauran waɗanda suka ji sanarwar, daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma zuwa inda duk muryar ta kai, wa zai kama hannunsu ya kai su maƙabarta?

Na shida: abin da na gani da abin da na ji a ofishinku.

Zuwana na farko, Malam Bishir akawu yana ganina ya sunkuyar da kai. Na ajiye masa takardar tuhumar na ce ina so in ga rahotannin da aka ce mahaifina ya rubuta. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ɗauko babbar rijista ya ajiye a gabana ya fita, ya ce zai yi alwala.

Na buɗe. Kowane mako akwai layi guda: an duba, babu matsala. A gefe an rubuta Isuhu, da boko. Na yi ta juya shafi, mako bayan mako, wata bayan wata, babu wanda aka tsallake. Shekara ashirin ina duba rubutun ɗalibai, na san bambancin hannu da hannu. Hannu uku na ƙirga a rijistar nan. Na nemi satin da ya rasu, an duba, babu matsala. Na nemi ranar da motarku ta zo mana ta'aziyya, rijista ta ce a ranar mahaifina yana kan shinge yana aiki. Na nemi rahotonsa na ƙarshe, wanda ya yi gargaɗi, na bi fayil ɗin daga farko har ƙarshe, babu shi. Ina nan zaune har Malam Bishir ya dawo ya rufe rijistar a hankali, ya ce, "Malam Sanusi, ni ƙaramin ma'aikaci ne."

Zuwana na biyu mataimakinka ne ya sa aka shigar da ni. Ya rufe ƙofa, ya aika a kawo lemo, ya tambayi lafiyar Inna. Sannan ya ce, "Malam Sanusi, kai mai ilimi ne, za ka fahimta. Marigayi ya riga ya tafi, babu abin da takarda za ta rage masa. Amma in kwamiti ya ji shekara kusan uku ba mai dubawa, mutane da yawa za su rasa aikinsu, kuma duk masu iyali ne." Ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga. Ta ce ni, a madadin iyali, ina shaida mahaifina ya rasu bayan karyewar shinge, kuma rashin lafiya ce ta hana shi aiki yadda ya kamata a watanninsa na ƙarshe. Ya ce in na sa hannu za a rufe magana cikin mutunci, a kuma ba ɗaya daga cikin ƙannena gurbin mahaifina.

Na ce, "Yallaɓai, duk ƙauyenmu sun halarci jana'izarsa."

Ya ce, "Ƙauye ba ya zuwa hedikwata."

Na ce, "Kai ka ja mana addu'a a zaurenmu."

Sai ya miƙo mini biro. Na tashi na fita. Har na iso Kurfi ban san ta inda na biyo ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne natsuwar da ya yi maganar da ita, kamar mai neman a gyara kuskuren harafi a takarda.

Na bakwai: abin da nake roƙo.

Ban sani ba ko da saninka aka yi waɗannan abubuwa. Ina kyautata maka zato, shi ya sa na rubuto maka. Amma daga yau ka sani, kuma jama'a sun san ka sani.

Abin da ya fi gaggawa shi ne shingen kansa. Tun da bakinsa ya zauna, igiya kai tsaye take dukan ganuwar ƙasa, ta riga ta fara cin jikinta, ga damina da saura. Mu mutanen gari muna cika buhuna da yashi muna jerawa, ɗan baffana ya dawo da duwatsun da ya ɗiba shi da wasu, amma aikin ya fi ƙarfin amalanke. A turo injiniya ya gani da idonsa, a turo tifofin tsakuwa da manyan duwatsu, a kuma duba yiwuwar buɗe ƙofar ruwa a rage tafkin kafin a gama gyara.

A janye takardar tuhumar a rubuce da sa hannunka, a kuma karanta janyewar a rediyon da aka karanta sunansa, a faɗi lokacin da ya rasu.

A miƙa wa kwamiti rijistar yadda take, kada a cire shafi kada a ƙara. A tambayi masu hannu ukun nan wa ya sa su. Ba ina neman a tozarta kowa ba ne, kuma ina roƙon kada a jibga wa Malam Bishir kayan da suka fi ƙarfinsa don shi ne ƙarami. Littafin mahaifina na ajami yana hannuna da rahotonsa na ƙarshe a ciki. A shirye nake in kawo shi gaban kwamiti, limaminmu ya karanta, don kada a ce ɗansa ne ya fassara yadda yake so.

A naɗa mai dubawa mai rai, wanda muka san fuskarsa, wanda za mu riƙa gani a kan duwatsu da safe.

Sannan a je wurin matar Ɗanjuma da 'ya'yansa. Har yau ba wanda ya taka daga kamfaninku ya yi musu ko da gaisuwa. A gaya musu gaskiyar yadda aka yi suka zama marayu, a kuma duba halin masuntan da suka rasa jiragensu.

Yallaɓai, shekaranjiya mai unguwa ya tara mu ya ba da shawarar a kwashe tsofaffi da masu jego daga gidajen da ke ƙasan ganuwa a kai su wurin dangi har a ga yadda damina za ta ƙare. Maƙwabtanmu sun kai nasu. Mu ma mun shirya wa Inna ɗaki a gidan ƙanwata a Rawayau, na kawo mota har ƙofar gida, an ɗaure mata kaya. Ta ce a kwance. Na roƙe ta, ƙannena suka roƙe ta, limam ya zo ya yi mata nasiha. Ta ce, "In na tashi yanzu, cewa za a yi matar Isuhu ma ta gudu daga aikin mijinta. Ran da suka faɗa wa duniya ba shi ba ne, ku zo ku ɗauke ni."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba, kuma ba zan ɗauke ta da ƙarfi ba. Gidanmu shi ne na uku daga gindin ganuwa. Na dawo da shimfiɗata zaurenta, duk sanda gabas ta yi duhu ina tsaye a ƙofa ina kallon sama. Takarda guda daga hannunka ce za ta tayar da tsohuwar nan daga inda take zaune. Ina roƙonka don girman Allah kada ka bari ruwa ya riga ta isowa.

Allah Ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya ko da za ta taɓa na kusa da kai. Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah Ya jiƙan Ɗanjuma Ya raya abin da ya bari, Ya jiƙan mahaifina da dukkan musulmin da suka riga mu.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sanusi Isuhu,
Kwarin Ɗinya, ƙasar Kurfi.